Konjen bana: kayen zane, rumfar badukku, ko allura da zare?

Dokar aiki ta Nijar, wadda aka kafa a 2012, ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi yana aiki. In an tara na shekara, kwana 30 ke nan, kuma albashi na tafiya. A bisa takarda abin da auki. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar wannan hutu, wato konje, a Yamai ya san yadda kwanakin suke zurarewa. Satin farko na barci ne da biyan bashin gajiya. Daga nan sai suna a Talaje, ɗaurin aure a Bukoki, gaisuwar mutuwa a Harobanda, baƙo daga gida da za a kai likita, da wata takarda da ka daɗe kana cewa sai ka samu hutu za ka bi ta. Mace kuwa ba a ma magana, don ranar da aka ji ta daina fita aiki, ranar ce kowa a gidan zai tuna da abin da yake so ta yi masa.

Saboda haka in mutum ya ce mini bana yana so ya ware wani abu daga hutunsa ya yi aikin hannu, ba don neman kuɗi ba, don dai ransa ya yi sanyi, ba na fara tambayarsa abin da ya fi burge shi. Ina tambayarsa yadda lokacinsa yake, a dunƙule ko gutsi-gutsi, da kuma su wa ke zagaye da shi a gida. Amsar waɗannan biyun ce ke raba gardama tsakanin abubuwa ukun da na ga sun fi dacewa da ma'aikaci a nan: riƙe kayen zane da rubutu, zama wurin badukku a koyi aikin fata, ko ɗaukar allura da zare. Biyun farko na taɓa su da hannuna, na ukun kuma a gidanmu na tashi na tarar ana yi.

Kayen zane ba wani abu ba ne illa littafi guda da kake zuba ranarka a ciki, wani wuri da rubutu, wani wuri da zane da launi da duk abin da zai mannu. Yau ka zana butar shayi ka rubuta layi uku a kan gardamar da aka yi a fada. Gobe ka manna guntun atamfar da tela ya yar, ka kwaikwayi furenta a gefe. Jibi ba ka da ta cewa, sai ka shafe shafin da launi ɗaya ka sa kwanan wata. Ba don a rataya a bango ake yin sa ba, kuma ba sai ka iya zane ba. Babban abin da ya fi sauran da shi, yana yarda da minti goma. Kana jiran a fito da ango, kana layi a banki, yara sun yi barcin rana, duk lokacinsa ne.

Wajen kuɗi ma babu mai kama ƙafarsa a sauƙi. Da jika ɗaya ko biyu ka haɗa kaye, bik, fensir da ɗan kwalin fensira masu launi wurin masu kayan lakwal, a Babbar Kasuwa ko a bakin titin unguwarku. Inda ake tuntuɓe shi ne takarda. Ta kayen ƴan lakwal na yau da kullum siririya ce, sau da yawa ba ta ma kai ta fotokofi ba, wadda nauyinta gram 80 ne a kowane murabba'in mita. Bik da fensir ba sa damunta, amma da ta ji ruwa sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, launin ya ɓullo ta baya ya ɓata maka shafin gobe. Takardar Canson da ake sa yara su saya don darasin zane ta ninka ta fotokofi nauyi, har da ɗori, tana ɗaukar ruwa daidai gwargwado. Ta masu fentin ruwa ta ainihi gram 300 ce, ga tsada, kuma sai an yi yawon nema. Ni abin da nake nuna wa mai farawa shi ne kayen TP, wanda ƴan koleji ke yin darasin kimiyya da shi: shafi ɗaya mai layi, na kusa da shi fari fat, kuma ya ɗan fi kauri. Ka rubuta a wannan, ka zana a wancan. Wani amfaninsa kuma, ba ya ba ka tsoro. Kaye mai tsada mai bangon fata, mutum sai ya yi sati yana shafa shi bai iya sa masa alƙalami ba, wai kada ya ɓata.

Sai maganar zafi. Yawancin masu koyar da fentin ruwa a intanet a ƙasashen sanyi suke, inda mai zane zai jiƙa takarda ya tsaya yana wasa da launi a kai. A Yamai cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ga fanka na juyawa, kafin ka mayar da buroshi cikin kofi ruwan da ka shafa ya bushe, ya bar maka zobe-zobe. Guwash, wani fentin ruwa mai kauri, ya fi haƙuri da mu. Ko ya bushe a faranti, ka ɗiga masa ruwa zai farfaɗo, kuma yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf. Akirilik kam, fentin nan mai bushewa kamar roba, ban ba ka shawarar sa shi cikin kaye ba. In ya bushe ya bushe ke nan, yana kashe buroshin da aka manta ba a wanke ba, kuma shafuka biyu da aka shafa masa in suka kwana a rufe cikin zafi sai su kama juna, wurin buɗewa su yage.

Abin da ya fi ba ni daɗi a wannan harka shi ne yawan launin da ke kwance a madafa da kan teburin mai koli. Ruwan shayi yana ba takarda launin ƙasa mai laushi, amma a ɗebi wanda ba a sa wa sukari ba, in ba haka ba tururuwa za su riga ka karanta abin da ka rubuta. Goro in an daka an jiƙa yana ba da ruwan ɗorawa mai ja-ja. Lalle ya fi shi duhu. Gangamau rawaya ne mai haske, rana na cinye shi, amma cikin kaye a rufe yana daɗewa. Shunin wanki shuɗi ne tsaf. Zoɓo kuwa mayaudari ne: yana hawa takarda ja wur, kana murna, yana bushewa sai ka ga ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Gwada shi a shafin baya tukuna. Baƙar tawada kuma babu makarantar allon da ba za a nuna maka yadda ake haɗa ta ba, da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, a fiƙe maka alƙalamin kara a kai. Ƙaron nan da ake tsinta a dazukanmu shi ne dai ake haɗa fentin ruwa da guwash na Turai da shi don launin ya kama takarda, kuma in ka jiƙa shi da kauri ya zama abin manni. Na fi amincewa da shi, ko da farar gam ta kafintoci da aka ɗan tsinka da ruwa, a kan gam ɗin sanda ta ƴan lakwal, wadda in ta sha zafi wata biyu sai ka buɗe kaye ka ga abubuwan da ka manna suna zubowa. Rasit ɗin kanti da na gidan magani, irin mai sheƙin nan da inji ke fitarwa, shi ma zafi na goge rubutunsa. In kana son adadin da ke jiki ya tsaya, bi shi da bik tun yana sabo.

Akwai tambayar da mutane da yawa ke riƙewa a ciki ba su furta ba, ta zanen abu mai rai. Malamai sun yi magana a kai. Akwai masu hanawa gaba ɗaya, akwai masu bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Wannan kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan iya faɗa shi ne, mutum zai cika kaye goma bai zana ko ƙuda ba. Ga dagi da zayyanar allo, ga zanen bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, ga na ƙwarya da na lalle, ga haruffan ajami da kansu, waɗanda in hannu ya faɗa suna isa ado. Ga gawo, icen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ga goriba da rassanta masu rabuwa biyu-biyu, ga jiragen masunta a ɗaure kusa da gadar Kennedy, wadda ke tsaye bisa kogin tun 1970. Kana ma iya zana taswirar unguwarku yadda take kana yaro, ka sa inda rijiya take, inda mai ƙosai ke zama. Sai dai a wannan zamani a yi hattara da wurin da ake zama da kaye a hannu. Kusa da bariki, shingen sojoji ko manyan gine-ginen gwamnati, mai zane da mai ɗaukar hoto duk tambaya ɗaya za a yi musu.

To ina aibinsa? Na farko, ba shi da malami kuma babu mai jiran ka. Ranar da ba ka buɗe ba, ba wanda zai ce ina ka shiga. Da yawa suna cika shafi biyar da zumuɗi, na shida ya zauna fari har a koma aiki. Na biyu, sirri. Gidajenmu ba gidajen rufe ƙofa ba ne. Yara za su buɗe, ƙanwar maigida za ta buɗe, baƙuwa ma in ta gan shi bisa tebur za ta buɗe tana cewa kai, wa ya yi wannan? In gidan da abokiyar zama ne kuwa, ke kin fi ni sanin abin da layi ɗaya zai haifar. Dabarar da ke aiki ita ce ki rubuta abin da ke cin ranki da fensir, ki gama, ki bi shi da guwash ko ki manna ƙyalle a kai. Kin fitar da shi, kuma ba mai karantawa. Kayen kuma ya kwana cikin akwatin ƙarfe, wanda zai tsare shi daga idon mutane da bakin gara gaba ɗaya. Na uku, tsiya. Babban mutum da fensira masu launi, abokan fada sai sun ce Alhaji ya koma C.I., ajin farko na lakwal. Ni in suka fara sai in tuna musu da Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya fara da makanikanci, zane ya kai shi cikin na farkon masu fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A Tawa ya yi zamansa shekaru masu yawa, ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka sa sunansa ga babbar cibiyar al'adun nan ta Yamai. Ba ya hana su dariya, amma yana rage ta.

Zama wurin badukku kusan kishiyar wannan ne ta kowace fuska. A Yamai ba a wahalar samun masu sana'ar. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da rumfunan masu aikin hannu a cikinsa, dukawa da maƙeran azurfa da masaƙa, suna aiki kana kallo. Ga kuma ƙauyen masu sana'a na Wadata. A Tawa ma aikin fata tsohon abu ne, ba sai an yi maka kwatance mai nisa ba. Abin da za ka yi shi ne ka je ka sayi wani abu, ka dawo ka gaida mutum, ka zauna, sannan ka faɗi buƙatarka. Jituwa ce tsakaninka da shi, kuma yana da damar ya ce a'a.

Dattijon da na zauna wurinsa, da na ce masa, "Baba, so nake in yi hutuna a nan in koya," bai ɗago daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Wata guda? To madalla, Malam. A wata guda dai za ka koyi yadda ba za ka yanke yatsanka ba. In Allah ya sa hannunka mai ji ne, ka fita da alabe." Haka ɗin ne kuwa. Kwanakin farko kallo ne da tsaga fata siri-siri, wadda za a yi ɗinki ko tufka da ita. Zai ɗauko fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, ya yayyafa mata ruwa, ya ja ta nan ya ja ta can ya nuna maka ɓangaren da ke miƙewa da wanda ba ya miƙewa, don in ka yanka bakin jaka ta inda take miƙewa, wata uku ya saki. Zai kwantar da wuƙa ya kankare bakin fatar ta ciki har ya yi laushin da zai naɗu ba tare da ya yi ƙullutu ba, kai kuma in ka karɓa ka gwada sai wuƙar ta ɓulla waje. Zai huda da basilla, rami na bin rami, tazara ɗaya, ba awo ba komai. Jan launi na asali daga karan dafi ake samun sa, baƙin kuma daga ruwan da aka jiƙa tsofaffin ƙarafa, wanda yana taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi nan take a gabanka. Yau da yawa sun koma launin kanti da gam mai ƙarfin wari, wanda mai ciwon kai ko asma ya kamata ya sani tun kafin ya zauna cikin ƙaramar rumfa.

Abin da rumfa ke ba ka wanda kaye ba ya bayarwa shi ne gyara. Akwai mai karɓe aikin daga hannunka ya ce warware, sake. Wannan kalma ɗaya tana kai ka a sati inda kai kaɗai sai ka yi wata shida. Ga hira, ga mutanen da ba ruwansu da maganar ofis, ga abin da za ka sa a aljihu ka ce ni na yi. Kuma da yake an san da zuwanka, kunya ma tana fitar da kai daga gida ranar da ƙyuya ta kama ka.

Amma yana da tsada, ba ta kuɗi kaɗai ba. Akwai abin da za ku jitu da maigidan rumfa, akwai fatar da za ka saya ka ɓata, akwai man moto ko kuɗin taksi kullum, akwai shayi da goron da bai kamata ka riƙa zuwa hannu rabbana ba tare da su ba. In ka haɗa, ya ninka kuɗin kaye sau da yawa. Tsadar da ta fi ita ce ta lokaci. Yana son safiya cikakkiya, kwana bayan kwana. Ka ɓace kwana uku saboda biki, hannu ya manta, shi kuma dattijon ya ajiye ka cikin masu zuwa kallo. In hutunka ya faɗo gab da salla, ka ma haƙura, don aiki ya yi musu yawa, ba mai lokacin tsayawa kanka. Jiki ma yana biya: zaman ƙasa, ƙugu da wuya, da babban yatsan da zai yi kanta. Wanda ya shekara ashirin bisa kujerar ofis zai ji a jikinsa. Akwai kuma masu ganin dukanci sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ba ta ma'aikaci mai albashi ba, za su yi maka kallon mamaki. Wannan bai kai ya hana kowa ba a ganina, amma gara ka san da shi.

Mace mai sha'awar fata kada ta ce rumfar maza ce ta hana ta. A wajen Buzaye aikin fata na mata ne, su ke yin jakunkuna da matasai masu tuntaye da launin kore da ja da ake gani a kasuwa, kuma akwai su a Yamai da Tawa. Zama wurin mace a cikin gida ya fi sauƙin samun yardar maigida, kuma ana iya zuwa da goyo.

Allura da zare suna tsakiya. Ɗinkin hula ga namiji, saƙar kwarashi ko ɗinkin zanen gado ga mace, duk abu ne da ake yi cikin mutane, baki na hira hannu na aiki. Nan ne ya kayar da kaye. Ba za ka iya buɗe kayen zane a zaman makoki ko a tsakiyar fada ba tare da an taru a kanka ba, amma hula a hannu ba ta ɗaga wa kowa gira, an saba gani. Yayata takan tafi foyandi, taron mata, da zarenta cikin jaka, ta dawo da rabin hular jariri da labarin unguwa kaf. Wanda gidansa ba ya rabuwa da baƙi, wannan ne nasa. Kuɗinsa kaɗan ne, malaminsa yana kusa, don da wuya a rasa gwaggo ko maƙwabcin da ya iya.

Sai dai a san cewa hular hannu mai cikakken ɗinki ko gwani tana cin sa makonni, ballantana ɗan koyo. Konje zai ƙare ba ka rufe zagayen ba, kuma in kai mai son ganin ƙarshen abu da wuri ne, za ta gundure ka. Tana cin ido, tana son hasken rana, ranar da aka ɗauke wuta da dare kuwa ajiye ta ya fi. Matsalar mata daban ce. Da an ga kin iya saƙa, sai oda ta fara shigowa daga dangi, wannan na son na jaririnta, waccan na son na ɗakin amarya, yawanci ba ko dala, kuma da ranar da ake so. Abin da kika ɗauka don hutawa ya zama wani aikin mai shugabanni goma. Kaye bai taɓa jawo wa kowa wannan ba, don ba mai cewa a yi masa.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Ginin tukwane yana da daɗi, matan Bubon da ke bakin kogi, wajen kilomita 25 daga Yamai, sun shahara da shi, kasuwarsu ranar Laraba, amma aikin rani ne, kuma yana son fili da wurin gashi da gidan haya ba shi da su. Ƙirar azurfa wata guda ko hura wuta ba ka gama koya ba. Zane ko ɗaukar hoto da waya kuwa ba ya cin ko sisi, sai dai cikin wayar nan ne WhatsApp na wurin aiki yake, kana tsakiyar zane saƙon shugabanka zai faɗo. In hutu daga aiki kake nema, wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga lissafi.

Watan da hutun ya faɗo ma yana da ta cewa. Malaman lakwal nasu da damina yake zuwa, daga Yuli zuwa Satumba. Lokacin fentin ruwa ya fi jin magana don iska da laima, amma takarda na yin laushi, fata na iya yin fumfuna in an ajiye ta a lungu, kuma ruwan safe ɗaya ya isa ya hana ka kai wa rumfa. Da hunturu zaman rumfa ya fi daɗi, sanyin safe, hannu ba ya gumi, sai dai ƙura na sauka bisa ɗanyen fenti, ga fata na bushewa tana son mai. Da bazara kuwa duk abin da zai fitar da kai waje bayan ƙarfe goma sha ɗaya abin a sake tunani ne.

In kuma gida za ka, lissafin ya sake. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, yini guda cikin mota, kuma kana isa ba ka da iko da lokacinka, na dangi ne. Kaye da allura suna shiga jaka, rumfar Wadata ba ta shiga. A Adar kuma mai kaye ba ya rasa abin zanawa. Manyan rumbunan ƙasa na ƙauyukan can kaɗai sun isa su ci maka shafuka. Ga masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, hasumiyoyinsa huɗu ba wadda ta yi kama da wata. Wani abin kuma da ba ka samu a Yamai: tsofaffi. Zauna kusa da kaka ka ce ta faɗa maka sunayen rijiyoyin garin, ko kayan da aka kai ta ɗaki da su, ka rubuta a shafi mai layi, ka zana faifan da take riƙe da shi a ɗaya shafin. A nan kayen ya daina zama abin wasan mutum ɗaya, har masu dariyar sai su ce karanto mana.

In ka ce in zaɓa maka, ga yadda nake gani. Kana da sati uku a Yamai, safiyarka taka ce, kana da ɗan abin kashewa, kuma ka san kanka ba ka yin abu sai an sa maka ido: tafi rumfa, za ka fi samun abin da ya tsaya a hannunka. Gidanka cike yake da mutane, ba ka da ɗakin da za ka rufe, hira kuma ba ta gundurarka: ɗauki allura. Lokacinka gutsi-gutsi ne, ko tafiya za ka yi, ko kuwa abin da ke damunka ba hannu ba ne, kai ne ya cika da maganar aiki kana son inda za ka juye ta: kaye. Yawancin ma'aikatan da na sani a kashi na ukun nan suke, ko da bakinsu na cewa na farko. Akwai kuma ranar komawa aiki, wadda ba a cika sa ta a lissafi ba. Rumfa daga nan sai Asabar, in ba biki. Hula tana jira a ƙarasa ta a hankali. Kaye shi kaɗai ke bin ka ofis, ya zauna cikin durowa, ka buɗe shi bayan azahar.

Kowanne ka ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya. Sayi kayanka, ko ka je ka gaida badukkun ku yi magana, tun saura sati biyu ka ajiye aiki, don in ka bari sai hutu ya fara, neman takarda da jiran amsa za su cinye rabinsa.

Ana kuma iya haɗa biyu ba tare da an yi wata a rumfa ba. Sayi takardar Canson, ka yanka ta daidai girman takardar fotokofi, ka naɗe kowace biyu, ka jera huɗu-huɗu cikin juna, ka huda rami uku a tsakiyar naɗin ka ɗinke da zare mai ƙarfi. Ka samu kayen da ke ɗaukar ruwa a kuɗin da bai kai na shago ba. Sai ka kai wa badukku ya yi masa riga, irin ta gafaka, da igiyar ɗaurewa. Ka ce masa kada ya manna fatar da takarda, ya yi aljihu ciki ta gaba da ta baya inda bangon kayen zai shiga, ya kuma bar sararin yatsa guda a ƙeya, don kayen da ake manne-manne a ciki yana kumbura ya ninka kaurinsa kafin ya cika. In ya cika ka zare shi, ka zura sabo.